Karenmu ya dawo daga gidan ajiya da tari, wai murar karnuka ce

Baban Hanif (Shikago): Salamu alaikum jama'a. Masu sanin dabbobi a taimaka mini don Allah. Mun je gida biki, sati biyu muka yi a Kano, sai muka bar karenmu Duna a irin gidajen nan da ake biya su riƙe wa mutum kare. Ranar Lahadi na ɗauko shi lafiyarsa ƙalau, har yana neman kayar da ni don murna. Daren Talata maiɗakina ta kira ni ina wurin aiki, wai Duna na wani irin tari kamar ƙashi ya maƙale masa. Da na dawo da asuba na same shi kwance a gareji, abincinsa yadda aka zuba haka yake. In tarin ya zo sai ya miƙe wuya ya yi kakari, ya zubar da 'yar farar kumfa, ya koma ya kwanta. Hancinsa na yoyo. Yau da safe gidan ajiyar suka turo saƙo wai karnuka da yawa a wurinsu sun kama tari, ana zargin murar karnuka ce, sun daina karɓar sababbi. Ni ban taɓa jin kare da mura ba. Yara uku gare ni a gidan, ga kuma kyanwar ƙaramarsu. Abin da ya hana ni barci ke nan.

Na-Gwale: Ikon Allah! Mu nan mutum na neman gadon asibiti, ku can har kare ke da masauki. Alhaji ka murƙushe masa farasitamol biyu a cikin madara, gobe za ka ga yana haushi.

Dokta (Zariya): Wa alaikumus salam. Baban Hanif, kafin komai: kada ka ba shi maganin mutane. Malam Na-Gwale, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma farasitamol na iya lalata hantar kare in aka zarce ƙima, kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ibufurofen ma yana huda musu ciki ya taɓa ƙoda.

Batun yara, ka kwantar da hankalinka. Har yau ba a samu mutum ɗaya da aka tabbatar ya ɗauki wannan murar daga kare ba. Kyanwar ce abin lura, don nau'in da ke yawo a Amurka yanzu yana kama kyanwa. A 2016 ya kama kuliyoyi a wani gidan tara dabbobi a jihar Indiyana, maƙwabciyarku. Ka raba su yau, kada ta leƙa garejin.

Ka kira asibitin dabbobi, amma ka faɗa musu a waya cewa tari yake yi kuma daga ina ya fito. Kada ka shiga da shi ɗakin jira inda karnukan mutane suke zaune. Yawanci za su ce ka tsaya a mota su fito, ko su shigar da ku ta ƙofar baya. Kuma ka hanzarta: gwajin da ake yi da auduga a hanci, wato PCR, ya fi kama ƙwayar a kwana uku zuwa huɗu na farkon ciwo. In aka makara sai ya nuna babu alhali akwai.

Baban Hanif (Shikago): Na gode Dokta, Allah ya saka. Na kira, sun ba ni ƙarfe 2. Amma wani abu ya ɗaure mini kai. Ga katin allurarsa a hannuna, akwai wata da aka rubuta DHPP, na duba na ga harafin ƙarshe sunan wata mura ce. To ashe ba an riga an yi masa ba?

Dokta (Zariya): Nan mutane da yawa suke ruɗewa. Waccan farainfuluwenza ce, sunan ne ya yi kama, amma ƙwaya ce daban, danginsu ma ba ɗaya ba. Tana cikin tarkacen da ke kawo tarin gidan karnuka, ita da wata bakteriya mai suna Bodetela. Allurar murar karnuka ita kaɗai ake yin ta, ba ta cikin haɗin nan. In ba ka ga H3N2 ko H3N8 a katin ba, wato sunayen ƙwayoyin murar karnuka, to ba a yi masa ba.

Malam Ɗan Tsangaya: Ni tambayata ɗaya ce, ba don tsokana ba. Musulmi da kare a gida har da katin asibiti? An yi sassauci ne ga karen farauta da na kiwo da na gona. Wannan na cikin wanne?

Baban Hanif (Shikago): Malam, aikin dare nake yi, gidanmu a ƙarshen layi yake, iyali su kaɗai nake bari. Gadi yake yi. Ba ya shiga ɗaki, a gareji yake kwana saboda sanyin garin nan in ka bar dabba a waje a watan Janairu gawarta za ka tarar.

Maman Sabir (Minesota): Malam, ko me hukuncin ajiye shi, tunda yana hannunsa ai haƙƙinsa na wuyansa. Ku ne kuke karanta mana hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta masa.

Malam Ɗan Tsangaya: Haka ne Hajiya, ban ja ba. Gadi malamai da dama sun ƙiyasta shi da na kiwo. Allah ya ba shi lafiya. A ci gaba.

Maman Sabir (Minesota): Amin. Baban Hanif, ni a irin wurin da ka ajiye karenka nake aiki shekara huɗu ke nan, share-share da ba su abinci. Bari in faɗa maka abin da idona ya gani, don mu ma ta taɓa shigo mana.

Abin da ke sa ta gagari mutane shi ne, karen da ya fi zubar da ƙwayar shi ne wanda bai fara tari ba. Kwana biyu zuwa huɗu na farko yana wasa, yana cin abinci, yana lasar kwanon ruwan da kowa ke sha. Kafin ka ji tarin farko ta riga ta zagaye ɗaki. Mu wata Litinin kare ɗaya ne ke tari a keji na ƙarshe. Ranar Juma'a in ka shiga da safe kamar ka shiga ɗakin masu tarin fuka, daga wannan lungu zuwa wancan. Wasu kuma ko atishawa ba su yi ba har aka gama, amma likita ta ce su ma suna ɗauke da ita.

Sannan mu kanmu muke kai ta. An koya mana cewa ƙwayar na rayuwa awa 48 a kan ƙasa da kwano da ƙarfen keji, awa 24 a jikin tufafi, awa 12 a hannu. Daga ranar aka ajiye mana baho da ruwan bilic a bakin kowace ƙofa, sai ka tsoma takalminka kafin ka wuce. Riga daban ta ɓangaren marasa lafiya, kuma su ake yi wa hidima a ƙarshe, ba a farko ba. Ni har hijabin aiki na ware guda biyu, in na tashi in ƙulle su a leda, sai injin wanki. Hannuna duk ya tsattsage saboda wanki a lokacin.

Don haka ka ware riga ɗaya da takalmi ɗaya na shiga gareji. Mutum ɗaya ya riƙa kula da shi, ba kowa da kowa ba. Kwanonsa da igiyarsa da bargonsa kada su haɗu da na kyanwar. Bilic murfi ɗaya a ruwa murfi talatin ya isa, ka bar shi kamar minti goma kafin ka ɗauraye. Ƙwayar ba ta da taurin kai a wajen jiki, sabulu ma yana kashe ta.

Na-Gwale: To wai daga ina wannan bala'i ya fito? Mun tashi da karnuka a unguwa, ban taɓa ganin wanda ya yi mura ba. Ko dai irin cututtukan nan ne da ake ƙirƙira don a sayar da allura?

Dokta (Zariya): Ba ka gani ba don sabuwa ce a jikin kare. Iri biyu ne. Ta farko, H3N8, asalinta murar dawaki ce da aka sani tun 1963. A 2004 aka gan ta a karnukan tsere a jihar Filorida, wasu suka mutu da jini a huhu. Masu bincike na Jami'ar Filorida da Jami'ar Konel da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka bi diddigi, a 2005 suka bayyana cewa ƙwayar doki ce ta tsallaka ta zauna a kare. Waccan ta yi ta raguwa, tun wajen 2016 ba a ƙara jin ɗuriyarta ba.

Ta biyu, H3N2, daga tsuntsaye ta fito. An fara ba da rahotonta a karnuka a Koriya ta Kudu a 2007, tana kuma Sin da Tailan. A 2015 ta ɓulla a Amurka, kuma a ina? A garin Baban Hanif, Shikago. Karnuka fiye da dubu suka kwanta cikin 'yan makonni. A ƙarshen 2017 zuwa 2018 ta shiga Ontariyo a Kanada ta hanyar karnukan da aka shigo da su daga Asiya. Ita ce ke tashi jefi-jefi har yanzu.

Allurar kuwa bayan cutar ta zo, ba gabanta ba: ta H3N8 a 2009, ta H3N2 a ƙarshen 2015. Da don kasuwa aka ƙirƙiro ta, ai da ba a bari karnuka sun yi shekara biyar suna tari babu abin sayarwa ba.

Ɗan Maraɗi: Dokta, wannan murar dawakin da ka ce, ita ce ta kashe mana jakuna a 2019? Wallahi a ƙauyenmu har amalanken ɗebo ruwa sai da suka tsaya. Jaki na tsaye majina na zuba, kwana kaɗan ya faɗi.

Dokta (Zariya): Murar dawaki H3N8 na cikin abin da aka tabbatar a lokacin, e. Ta ɓulla a Sakkwato a ƙarshen 2018, cibiyar binciken dabbobi ta Vom ta gano ta, ta kuma bi Nijar da Senegal da wasu ƙasashen yankin, jakuna dubbai suka mutu. Amma a bambance: ta doki daban, wadda ta riga ta saba da jikin kare daban. Sai dai an ga ta doki ta kama karnukan da ke kusa da dawaki marasa lafiya, a Ingila a 2002 da Ostireliya a 2007, ba tare da ta zauna a cikinsu ba. Shi ya sa in doki ko jaki na mura, a nesanta kare da barga, kuma kada a jefa masa mushen.

Hajiya Mai Kaji: Af! Mushe ka ce? Mu in kaza ta mutu a gona ai karnukan gadi muke jefa wa. Tun zamanin mahaifina haka ake yi.

Dokta (Zariya): Hajiya, ki daina don Allah. Murar tsuntsaye H5N1 tana ƙasar nan tun 2006 da aka fara samunta a Kaduna, tana tafiya tana dawowa. A Tailan a 2004 an tabbatar da kare da ya mutu bayan ya ci mushen agwagwa mai ɗauke da ita. Waccan kuma, ba kamar ta Duna ba, tana kama mutum. Kazar da ta mutu ba a san dalili ba, a haƙa rami mai zurfi a binne.

Hajiya Mai Kaji: To. Yaran gona za su ji daga gare ni yau.

Jikan Sarkin Baka (Ningi): Ranka ya daɗe Dokta, ina ta karantawa ina jinjina kai. Mu lokacin farauta da rani, karnuka daga gari biyar shida ake lodawa a mota ɗaya, su kwana tare a daji, su sha a kwatarniya ɗaya. In an dawo sai ka ji wasu na tari. Bara na rasa 'yan kwikwiyo uku da wata karya da nake ji da ita. Farko tari da kwantsa a ido, sai zawo, daga baya bakinta ya riƙa motsi kamar mai taunar cingam, ƙafar baya na rawa. Dattawa suka ce iska ce. Ko ita ce murar nan?

Dokta (Zariya): Allah ya mayar da alheri. Ban ga karyar ba, amma yadda ka kwatanta, musamman taunar nan da rawar jiki da kwantsa, ya fi kama da distemfa. Mura ba ta taɓa ƙwaƙwalwa haka. Distemfa kuwa ta fi mura kisa nesa ba kusa ba, kuma ita ce muke gani kullum a asibitocinmu, ita da fabo mai sa zawon jini. Abin takaicin, dukkansu suna cikin allurar haɗin nan DHLPP, 'yar'uwar DHPP ɗin katin Baban Hanif, da ake samu a wurin likitocin dabbobi a nan gida.

Shi ya sa ba na son 'yan gida su karanta wannan zance su tashi neman allurar murar karnuka. Ba ta cikin alluran da muke yi yau da kullum a nan. Karen Ningi ko Funtuwa abin da yake buƙata shi ne allurar haukan kare, don ita ce ke tsare ran ɗan Adam, sai DHLPP, sai maganin tsutsa da kaska. Masu shigo da karnukan waje masu tsada su ne ya kamata su killace sabon kare wata guda kafin ya haɗu da na gida. Abin da ya haɗa motar farautarku da gidan ajiyar Shikago shi ne cunkoso da kwano ɗaya.

Baban Hanif (Shikago): Na dawo. A mota suka duba shi, likitar ta fito sanye da riga ta leda. Zafin jikinsa 104 a ma'auninsu, wato digiri 40. Ta ce na lafiyayyen kare tsakanin 38 da 39 ne da ɗan ɗori. Ta ɗauki majina a hanci. Huhunsa ta ce babu matsala tukuna. Amma abin da ya ɓata mini rai, ba ta ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Wai hutu da ruwa da abinci mai laushi, sai maganin rage zazzaɓi na karnuka. Duk kuɗin nan da na biya?

Na-Gwale: Ka gani ko? Da a kemis ɗin bakin layinmu ne da tuni an haɗa maka ja da yalo.

Dokta (Zariya): Ta yi daidai. Mura bairos ce, maganin bakteriya ba ya taɓa ta. Yawancin karnuka da kansu suke warkewa cikin sati biyu zuwa uku. Inda ake shiga uku shi ne in murar ta ƙuje hanyar numfashi, bakteriya suka samu ƙofa; sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ne ake ba da maganin, kuma a nan ne ciwon huhu ke kashewa. Waɗanda ke mutuwa ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, galibi tsofaffi da 'yan kwikwiyo da masu gajeren hanci.

Ga abin da za ka sa wa ido. In majinar ta koma kauri, kore ko ruwan ɗorawa. In ya ƙi ruwa yini guda. In yana barci ka ƙirga sau nawa ƙirjinsa ke tashi a minti ɗaya. Ƙasa da 30 lafiya, in ya haura 40 ko ka ga yana numfashi da ciki, ko dasashinsa ya yi fari ko shuɗi, kada ka jira safiya. Ka cire masa abin wuya, yana ƙara tayar da tari, ka ɗaura masa irin na ƙirji. Abinci ka ɗan ɗumama shi, don hanci a toshe ba ya jin ƙamshi.

Baban Hanif (Shikago): To. Ta ce kuma in killace shi sati huɗu. Sati huɗu fa! Na ce ko in ya daina tari shi ke nan?

Maman Sabir (Minesota): A'a wallahi, nan ne mutane ke cutar maƙwabta. H3N2 kare na iya zubar da ita fiye da kwana 20, ko ya warware yana tsalle. Mu kwana 28 muke ƙirgawa daga ranar da ya fara tari. Ba filin wasan karnuka, ba wurin aski, ba shinshinar hanci ta shinge.

Baban Hanif (Shikago): Innalillahi. Shinge kika ce. Ranar Litinin ya yi ta wasa da karyar maƙwabcina ta jikin waya, hanci da hanci. Tsohuwa ce, shekararta 12.

Maman Sabir (Minesota): Je ka buga masa ƙofa yanzu. Litinin ita ce ranar da ya fi yaɗawa. Ya kira likitansa tun kafin ta fara.

Injiniya (Atlanta): Ni fa ban yarda da allurar nan ba. Abokin aikina ya yi wa nasa, ya biya har sau biyu, kare ya je gidan ajiya ya dawo da tari. To amfanin me?

Dokta (Zariya): Injiniya, tambayoyi biyu zan yi wa abokin naka. An gwada an ga mura ce? Don ƙwayoyin da ke sa kare tari a irin wuraren nan sun fi biyar. Sannan yaushe aka yi ta biyun? Allura biyu ce, tsakaninsu sati 2 zuwa 4, kuma sai bayan kamar sati biyu da ta biyun jiki ke gama ɗaukar kariya. Wanda ya yi ta farko ranar Alhamis ya kai kare ajiya ranar Asabar bai yi komai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma zan ba ka gaskiyarka: ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari. Aikinta ta rage tsananin ciwo, ta rage kwanakin da kare ke zubar da ƙwayar, ta kare huhu. Kuma duk shekara ake sabuntawa.

Injiniya (Atlanta): To nawa karen ba ya zuwa ko'ina. Bayan gida, sai zagayen unguwa da igiya. Dole ne?

Dokta (Zariya): Ba dole ba ne. Su kansu likitocin Amurka ba su sa ta cikin alluran wajibi ba, ta masu cuɗanya ce: gidan ajiya, wurin reno na yini, wurin aski, gasa, filin wasa. In naka ba ya zuwa waɗannan, kuɗinka ya huta. Amma duk ɗan ƙasar waje da na sani wata rana waya za ta zo daga gida, biki ko rasuwa, a nemi inda za a ajiye kare cikin gaggawa. Ka yi lissafi da wannan.

Injiniya (Atlanta): Mu in za mu tafi wani ɗan'uwa ke zuwa gida ya ba shi abinci. Ya fi arha ma. Ni dai ba zan yi ba.

Maman Sabir (Minesota): Wannan ma hanya ce, ban ƙi ba. Sai dai in ɗan'uwan na da nasa karen, ya wanke hannu kafin da bayan. Baban Hanif, nan gaba kafin ka ajiye shi a ko'ina ka tambaye su ko suna tilasta allurar mura ga kowane kare, kuma ina suke kai wanda ya fara tari. In suka yi maka inda-inda ka juya.

Baban Hanif (Shikago): Jama'a ga labari bayan kwana shida. Sakamako ya fito, H3N2 ce. Ranar Asabar majinar ta yi kauri ta koma kore, na ƙirga numfashinsa 36, na mayar da shi, a nan ne ta ba shi maganin bakteriya na kwana goma. Jiya ya cinye shinkafa da kaza, yau da asuba ya yi wa mai kwasar shara haushi, muryar a dishe kamar ta tsohon maroƙi. Tarin na nan amma ya ragu. Kyanwa lafiya lau, tana can sama an kulle ta tana ta masifa. Karyar maƙwabcina ta fara tari ranar Juma'a, amma da yake na faɗa masa da wuri likita na bin ta, tana ci tana sha. Mutumin har godiya ya yi mini, ni kuwa kunya kamar in nutse. Na rubuta ranar da kwana 28 za su cika da alli a ƙofar gareji don yara su daina tambayata. Dokta, tunda ya riga ya yi, sai an yi masa allurar kuma?

Dokta (Zariya): Alhamdu lillahi. Ba yanzu ba, ba a yi wa mara lafiya rigakafi. Ka ƙarasa maganin duka ko ya warke. In ya murmure sarai ka tambayi likitarsa, ita ta san abin da ke yawo a garinku, kuma kariyar da ciwo ke bari ba ta dawwama.

Na-Gwale: Shinkafa da kaza. Alhaji, garejin nan akwai sauran wuri?